Zoɓo da Kanwa

A shekarar 2008 aka tura ni wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, a wani gari kudu da birnin Kano, in koyar da zane. Shekarar ce sabuwar manhajar karatun shekara tara ta fara aiki, wadda ta tattara zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu ta cusa su cikin darasi guda, aka raɗa masa suna CCA. A takarda malami ɗaya ne zai koyar da su duka. Ni kuwa ko kalangu ban taɓa ratayawa ba, sai na rungumi abin da hannuna ya sani, sauran na riƙa karanto wa yara daga littafi.

Shugaban makarantar ya miƙo mini mukulli ya ce, "Malam, ga ɗakinka can, sai dai haƙuri." Tsohon sito ne a ƙarshen jerin azuzuwa. Na tarar da karyayyun bencina, da gidan gara a kusurwa, da kwalaben fenti da suka bushe har sun tsattsage. Can ƙurya akwai injinan koyon sana'a da aka shigo da su daga Turai lokacin da aka ƙaddamar da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, waɗanda tun zuwansu ba su taɓa ɗanɗana lantarki ba. A kansu muka riƙa shanya ayyukanmu, kuma ba su taɓa yi wa makarantar amfanin da ya kai wannan ba.

Rashin kayan aiki bai dame ni ba sosai, domin na zo da shirinsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai halin yaran ne. Ɗan firamare in ka ba shi gawayi, bangon gidan kowa ma zane shi zai yi, ya kira ka ka zo ka ga motarsa. Amma ɗan shekara 12 zuwa 15 kunya ta riga ta kama shi. Zai ja layi ɗaya, ya goge, ya sake ja, ya goge, har takardar ta huje, sannan ya kife hannu a kai don kada na kusa ya gani. In ka tsaya a kansa sai ya ce, "Wallahi Malam ni ban iya zane ba." Kowane aji, cikin yara sama da saba'in, akwai mutum biyu ko uku da duniya ta sallama musu cewa su ne masu zane. Su ke kwaikwayon hoton 'yan ƙwallo da jaruman fina-finan Indiya a bayan littafi. In na ba da aikin gida, su ake kai wa da alewa ko naira biyar. Sai in karɓi littattafai in ga kofi ɗaya, da inuwa ɗaya, da karkatacciyar mariƙa ɗaya a littafi talatin.

A Zariya na yi karatu, inda aka sa muka haddace labarin ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce wa malamansu Turawa ba za su zubar da fasahar gida don ta Ingila ba. Mun rubuta wannan a jarrabawa mun ci, sannan muka koma ɗakin zane muka ci gaba da zana kwalba da tuffa. Littafin da aka ba ni in koyar da shi ma haka yake: ya jero fentin kwalba da takarda mai kauri da buroshin gashi, kayan da ko a birni sai ka je kantin littattafai na Sabon Gari. Uban da ke fafutukar kuɗin taki ba za ka aika masa da wannan jerin ba.

Saboda haka a zango na biyu na ce kowa ya ajiye fensir, fenti za mu haɗa da kanmu. Akwai wata yarinya 'yar aji ɗaya da ke kawo zoɓo ɗaure a leda tana sayarwa lokacin tara. Na sa ta ta roƙo mana mai kauri a wajen mahaifiyarta, wanda ba a sa masa sukari ba. Muka yayyaga buhunan siminti da kwalayen taliya, muka mayar da farin cikinsu takarda. Buroshi kuwa asuwaki ne, kowa ya tauna nasa ya daidaita bakin. Ja ya hau takarda, yara suka yi ta shafe-shafe, ba mai cewa bai iya ba, don ba wanda ya ɗauki abin a matsayin zane.

Ana cikin haka wata daga layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, in aka sa masa kanwa canjawa yake yi."

"Canjawa yaya?"

"Ni dai na ga yana canjawa in Inna tana kashe masa tsami."

Washegari ta zo da 'yar kanwa ƙulle a bakin hijabi. Muka jiƙa ta a gwangwanin madara. Na ba ta tsinke na ce ta ɗiga da kanta. Ɗigo na fari, jan ya yi duhu ya koma shunayya. Ta ƙara, ya yi shuɗi-shuɗi. Ta sake ƙarawa, sai ga shi kore mai duhu kamar miyar kuka. Ajin ya kaure, na baya suna hawa benci, monita yana buga tebur ba mai jin sa. Wani yaro ya ce to a matsa lemon tsami mu gani. Aka matsa, launin ya juyo ya dawo ja mai haske. Daga nan kuma ba ni nake jan ragamar ba. Suka kawo kurkur, ya ba mu rawaya, da ya haɗu da kanwa ya koma ja-ja ruwan ƙasa. Suka kawo jar ƙasa daga kududdufi da farar ƙasa daga kasuwa, aka daka aka tankaɗe da tsohon kallabi. Malamin kimiyya ya jiyo hayaniya ya leƙo, ya tsaya kallo, ya roƙi sauran zoɓon ya tafi da shi ajinsa, ya ce abin da yake ta fama ya bayyana a allo ke nan game da tsami da kishiyarsa.

Matsalar fentin ƙasa ita ce in ya bushe kakkaɓewa yake yi. Nan ne yaran makarantar allo suka shigo. Su ne waɗanda Turanci ya rufe wa baki, kullum suna can baya, sakamakonsu ja-ja-ja. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai ƙaro ake sawa, kamar tawada. Shi ya nuna mana yadda ake jiƙa ƙaron ya kwana, a tace, a haɗa da gawayin da aka niƙa lukui. Ya fiƙe alƙalami da reza cikin ƙiftawar ido, ya tsaga bakinsa, ya ja layi a kwali mai kauri a farko siriri a ƙarshe. Layin da na shekara ina nema a wajen masu kwaikwayon 'yan ƙwallo ban samu ba. Ranar, yaron da ake yi wa dariya in an ce ya karanta Turanci shi ne aka yi wa layi ana "don Allah fiƙe mini nawa."

Ba zan yi wa zoɓo ƙarya ba: ba ya daɗewa. Bayan 'yan makonni, musamman inda rana ke duka, sai ya koɗe ya zama toka-toka. Kurkur ma haka. Gawayi da jar ƙasa ne suke zama daram. Yaran da kansu suka gano wannan, suka riƙa ajiye zoɓo don gwaji, aikin da suke so ya jima kuwa su yi shi da ƙasa da tawada.

'Yan aji biyu yumɓu na ba su. Kafin mu fara na zaro naira ashirin na ɗaga na ce ta wace ce wannan. Suka amsa baki ɗaya, "Murtala!" Na juya bayanta na ce wannan fa? Shiru. Kullum tana hannunsu suna sayen awara da ita, ba wanda ya taɓa lura akwai mace zaune tana gina tukunya. Na ba su labarin Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Ta zaga Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Wani ya tambaye ni aji nawa ta gama. Na ce ba ta yi boko ba. Ban tabbata wannan amsa ta taimaki makarantar ba, don sai da suka yi ta kallon juna suna murmushi.

Akwai wani dattijo maginin tukwane a bayan gari, na je na gaishe shi da goro na roƙe shi ya zo. Ya zo ranar Laraba da rigarsa duk tabo, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a ƙasa. Ya damƙi yumɓun da yara suka kwaɓa, ya murza a yatsa, ya girgiza kai.

"Malam, wannan bai sha tsingaro ba. Wuta za ta cinye shi."

"To Baba, yaya za a yi?"

"A samo fasassun tukwane a daka. Kuma a taka shi da ƙafa, hannun yaran nan ba zai fitar da iskar ciki ba."

Aka tuɓe takalma aka hau taka yumɓu, 'yan mata a gefensu, maza a nasu. Asusu na ce kowa ya gina, don abu ne da suka sani kuma suke so. Ya nuna musu yadda ake murza yumɓu ya yi tsawo a ɗora zagaye bisa zagaye, a shafe gaɓar da ɗan yatsa ciki da waje, in ya sha iska a goge da tsakuwa mai santsi har ya yi ƙyalli. Lokacin hunturu ne, iska na busar da baki kafin gindi, sai tsagewa. Ya ce a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a bar su a inuwa, kada wanda ya kuskura ya kai nasa rana. Da yawa sun kai a ɓoye, don suna ɗokin gani.

Ranar wata Asabar muka gasa su a bayan filin ƙwallo, da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Wuta na kamawa sai muka fara jin tau! tau! daga cikin tsibin. Duk ƙara ɗaya sai yara su yi ihu, kowa na rantsuwa ba nasa ba ne. Da toka ta huce muka tona, an yi asara ba kaɗan ba. Wani yaro ya tsinci ɓallin nasa, ya gane shi da zanen da ya yi masa da tsinken tsintsiya, ya juya baya yana share ido. Dattijon bai rarrashe shi ba. Ya karɓi ɓallin ya nuna masa wani ɗan rami a cikin kaurin, ya ce, "Ka ga inda ka bar iska. Gindin kuma ya yi kauri, waje ya bushe ciki da ruwa." Yaron ya karɓa ya jujjuya, ya sa a aljihu. Da ni ne, da na ce masa ba komai, ya yi ƙoƙari, kuma da bai ƙaru da komai ba.

Yumɓun nan ne ya jawo mini baƙo. Wani yaro, da ya gama asusunsa, ya gina doki da ragowar, har da sirdi da linzami, ya kai gida. Bayan kwana biyu masinja ya zo ya ce ana sallama da ni. Na fito na ga dattijo da rawani da carbi, yaron na rakuɓe a bayansa. Malami ne mai makarantar allo a unguwarsu. Na rusuna muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har iyali da ɗalibai. Sannan ya zaro dokin daga aljihun rigarsa.

"Malam, wannan a nan aka koya masa?"

"Allah gafarta Malam, asusu na sa su. Amma a ɗakina ya gina shi, kuma na gani ban hana ba."

"To. Ni ban zo faɗa ba. Ka san abin da ya zo a kan surar mai rai. Ina so a cire mini shi daga wannan darasi."

Na ce masa darasin dole ne, yana cikin jarrabawar gama aji uku, amma ba dole ba ne yaro ya zana ko ya gina abu mai rai, kuma daga ranar ba zan tilasta wa kowa ba. Ban ja da shi a kan hukunci ba, don ba fagena ba ne. Sai na tambaye shi ko a makarantarsa ana zayyana. Fuskarsa ta saki. Ya ce shi da hannunsa yake yi wa ɗalibansa allon sauka. Na roƙe shi ya ara mana ɗaya mu gani. Ya yi shiru jim, ya ce zai aiko da wanda bai riga ya rubuta komai a tsakiyarsa ba, da sharaɗi: kada a rubuta aya ko sunan Allah a takardar da za ta ƙare a ƙasa ana takawa. Na ce na ɗauka.

Allon da ya aiko ya fi duk hotunan da ke littafinmu. Murabba'i cikin murabba'i, da'ira ta ratsa da'ira, ja da rawaya da kore, baƙin layi ya kewaye kowanne, babu inda hannu ya yi rawa. Ɗansa ya tsaya gaban aji ya nuna yadda ake fara raba fili kafin a taɓa launi. Muka kwashe kusan rabin zango a kansa, muka zarce zuwa dagi, da aska takwas ta gaban babbar riga, da zanen hula. Na koya musu ɗora dagi a kan ɗigo-ɗigo, layi ya bi ta sama ya bi ta ƙasa har ya dawo inda ya taso. 'Yan matan da ke yi wa ƙawayensu zanen lalle ranar biki suka fi kowa saurin kamawa. Tun tuni suke da hannun, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da suke yi a tafin amarya yana da alaƙa da darasin makaranta. Masu son zana mutum da doki kuma ban hana su ba, sai dai na ce a bar shi a ɗakin zane.

Sau ɗaya muka samu fita, zuwa marinar Ƙofar Mata. An sha wuya kafin kuɗin mota su haɗu, sai da malamai suka yi karo-karo aka cike wa waɗanda ba su kawo ba. Kowane yaro ya taho da tsohuwar farar singileti ko ƙyalle, ya ƙulle tsakuwa ko ƙwayar wake a ciki da zaren buhu. Allon bakin ƙofa ya ce tun 1498 ake rini a wurin. Ramuka da yawa mun same su a rufe, wasu shara ta cike su, 'yan kaɗan ke aiki. Wani tsohon marini ya bayyana musu cewa baba da toka da katsi ake zubawa a ruwa, a bar su su yi makonni suna ruɓa kafin ramin ya nuna. Ya tsoma ƙyallen wata yarinya ya ɗago, sai ga shi kore-kore. Ta ɓata fuska ta ce, "Baba, ni shuɗi nake so." Ya ce, "Riƙe shi a iska, 'yata." Tana riƙe da shi yana rikiɗa a hannunta har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa ya ɗago, ya ce duhun launi yawan tsomi ne. Daga can gefe ana jiyo mabuga suna dukan shadda bisa gungume. Littafinmu ya koyar da rini da soda da hodar kanti, wanda ke kammaluwa cikin rabin awa, amma sodar tana cin hannu, mu kuwa ba mu da safar roba ko ɗaya. Duk lokacin da muka yi irin wannan a makaranta ni kaɗai nake haɗa ruwan, su tsoma da sanda.

'Yan aji uku suka yi wa bangon sitonmu ado da dagi babba a tsakiya, da jar ƙasa da farar ƙasa da baƙi. Damina ɗaya ta wanke fiye da rabinsa. 'Yan bayansu suka ce dama bai yi kyau ba, suka sake nasu.

Duk wannan a gefen jadawali aka yi shi. Darasina shi ne na ƙarshe ranar Alhamis, kuma shi ake fara yankewa in za a yi shara, ko baƙi za su zo, ko malamin lissafi bai gama manhaja ba. Ni kaina an fi sanina da mai rubuta allon sanarwa da ƙyallen maraba da manyan baƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maki. Yaro ya yi wata guda yana gina asusu, ya koyi taka yumɓu da shanya shi da gasa shi, duk wannan ya tashi a 'yan makin gwajin cikin zango. Kaso mafi tsoka yana ga jarrabawar takarda, inda za a tambaye shi launukan asali guda nawa ne, ya zaɓi A ko B ko C. Mai haddar da bai taɓa ɓata hannunsa ba sai ya zo na ɗaya, mai fiƙe alƙalami ya zo na hamsin, don tambayar da Turanci aka yi ta. Na yi ta faɗa a taron malamai cewa wannan awo ba ya auna abin da muke koyarwa. Kowa ya gyaɗa kai, aka wuce batun kuɗin alli.

A jarrabawar ƙarshen shekara na sa tambayar da ke cikin littafi: wane launi da wane launi ake haɗawa a samu kore? Amsar da ake so shuɗi da rawaya. Ina cikin duba takardu a ɗakin malamai na ci karo da wadda aka rubuta, da Hausa, da kyakkyawan rubutu: zoɓo da kanwa. Na ci gaba, na sake samun wata, da wata. Na nuna wa malamin da ke kusa da ni, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce in kashe kawai. Na ba su makinsu cikakke.

Amma da jarrabawar gama aji uku ta matso, wadda ba ni zan duba ba, na tara su a sito na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: shuɗi da rawaya. Na sa suka maimaita da Turanci har ya zauna. Yarinyar nan mai kanwa, wadda zuwa lokacin bakinta ya buɗe har ya so ya yi yawa, ta ce, "To Malam, in mai dubawar bai yarda ba, ba sai a kai masa zoɓon ya gwada ba?" Na ce mata mai dubawar yana da takarda dubu a gabansa, ta rubuta abin da ke allo.